Amarya Ba Ta Ƙetare Kogi

"Maimaita abin da ka ce, Sadiƙ."

"Na ce ba zan iya barin Inna ita kaɗai ba."

"Ni fa? Ni za ka iya bari?"

A kan gadar Kennedy muke tsaye, la'asar ta yi sanyi, motoci sun cushe suna ta hon. Ni kuwa na riƙe ƙugu a gefen masu tafiya a ƙasa, na manta sarai cewa ni 'yar gidan mutunci ce. Wata mai tallan kopto, kwaɗon zogale, har da rage sauri don kada labari ya wuce ta.

"Anisa, sheri, rage murya..."

"Ba zan rage ba. Baba ya ce ka kama haya a Bobiel, ɓangarenmu na kogi, ko gobe ya ɗaura mana aure. Haya kawai. Kai kuma ka ce a'a."

"Inna ta ce daga gidan mijinta sai kabari. Ƙafa ta ƙi ta, kuma ni kaɗai gare ta. In kama haya in bar ta da wa?"

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma raina ya ƙara ɓaci. Babu abin da na tsana irin a yi faɗa da ni a fi ni gaskiya.

Ya jingina da ƙarfen gada yana kallon ruwa. Sadiƙ malamin labarin ƙasa ne a wata lise, makarantar sakandare, a Kirkissoye da ke ƙetare, kogin nan ya san shi tun daga duwatsun Gini har inda ya faɗa teku. A hankali ya ce, "Na karanci kogin Isa ciki da bai, Anisa. Ban taɓa ganin inda yake ƙona amare ba."

"To je ka faɗa wa Gwaggo."

Jarumtar Sadiƙ ba ta kai nan ba.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Mu mutanen Damagaram ne, amma a unguwar Maourey aka haife ni, Baba yana da shagon atamfa kusa da babbar kasuwa. Mahaifiyarmu ta rasu ina goye. Yayar Baba, Gwaggo Mariyam, ita ta raine mu, ni da Yaya Ramatou. Ita ce kuma mai gyaran amare a unguwarmu, amaryar da ta bi ta hannunta ko daga nesa ka hango ta sai ka sani.

'Ya ɗaya Allah ya ba Gwaggo, Asma'u. Ni a hoto kawai na san ta. An kai ta gidan miji a ƙetaren kogi, lallen hannunta bai ko dushe ba zazzaɓi ya kama ta. Idanu suka yi ja, leɓɓa suka fashe, fatarta ta tashi bororo kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Ba ta tashi ba.

Shekaru suka ja, aka aurar da 'yan matan dangi a Maourey, a Bobiel, a Zinder, lafiya lau. Sai Yaya Ramatou ta samu miji a ƙetare. Aka kai ta, abin ya dawo sak. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta fito da tabo a wuya da hannaye. Idanunta suka bushe, ba sa jure haske, kullum cikin baƙin tabarau take. Mijinta, bawan Allah, ya sayar da gidansa ya dawo da ita Bobiel.

Daga nan doka ta kafu a gidanmu: amarya ba ta ƙetare kogi. Ni kullum sai na ƙetare shi zuwa jami'a, ko ƙaiƙayi ban taɓa ji ba. Da na faɗa wa Baba haka sai ya ce, "Ɗaliba daban, amarya daban." Gwaggo kuwa tun da aka rufe Asma'u ba ta ƙara taka gada ba, kifin kogi ma ba ya shiga tukunyarta.

Sai ga ni, duk samarin da ke wannan gaɓar, zuciyata ba ta tashi kamuwa ba sai da ɗan Kirkissoye.

Bayan faɗan gada na yi fushin da na saba, wato na ƙi ɗaga wayarsa ina kuma duba ta kowane lokaci. Ana cikin haka Yaya Ramatou ta ce in raka ta kilinik, maganin ɗigawar idonta ya ƙare. Muka tarar da sabuwar likita, matashiya mai saurin magana, sunanta Nafissa. Ta duba idon, sannan ta tsaya tana kallon wuyan Yaya.

"Madam, wannan tabon ba na wuta ba ne, ko?"

"Ciwo ne na yi bayan aurena."

"Wane magani kika sha kafin ya kama ki?"

"Ban sha komai ba, lokotoro. Haka suka tambaye ni a lopital lokacin, haka na faɗa musu. Lafiyata ƙalau, biki ake yi."

Likitar ta girgiza kai. "Irin wannan ciwon yawanci magani ne ke tayar da shi. Wasu antibiyotik, wasu magungunan farfaɗiya. Mutane dubbai su sha babu abin da zai same su, ɗaya ya sha jikinsa ya ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, ya juya yana yaƙar fatarsa. Kuma ba ranar yake fitowa ba, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni."

Ni da ba a tambaye ni ba na tsoma baki. "Me ya sa sai shi ɗayan?"

"Wani lokaci abu ne da ake gadowa a jini, kamar yadda ku biyun nan kuka gado wushirya. Ba dole kowa a gida ya gada ba. Ya taɓa samun wani a danginku?"

Muka kalli juna ni da Yaya.

"'Yar gwaggonmu," in ji Yaya. "Ita ta rasu."

Likita ta ajiye bironta ta fuskance ni. "Bon. Ke ƙanwarta ce? Kada ki kuskura ki sha ƙwayar da ba lokotoro ya rubuta miki ba. Shi ma ki ba shi wannan tarihin tun kafin ya fara rubutu."

Muna fitowa Yaya ta yi dariya. "Wai magani. Ni da ko parasetamol sai an yi kokawa da ni."

Ni ma na yi dariya, na watsar da zancen.

Bikin Samira, 'yar ƙanin Baba, ya matso. Angonta ɗan Bobiel ne, saboda haka hankalin kowa kwance, gida ya cika da ƙamshin turaren wuta da hayaniyar mata. Ni kuwa ina ta wanke-wanken bikin wata, zuciyata tana ƙetaren kogi.

Wata safiya Gwaggo ta leƙo daga ɗakinta. "Anisa, zo nan. Rufe ƙofa."

Na rufe ƙofa cike da murna. Kunun amarya na Gwaggo Mariyam babu wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa shi. Matan Maourey sun bi ta da roƙo, sun bi ta da kyauta, ta ƙi. Ko Yaya ba ta taɓa shiga ɗakin ana haɗawa ba.

"Hannuna ya fara rawa, ido kuma ya yi rauni," ta ce tana turo mini ƙaramin turmi. "Tunda aurenki ya tsaya a bakin gada, gara ki koyi abin da zai amfane ki."

"Gwaggo, har da gori?"

"Daka, ki bar surutu."

Na daka dabino da aya, na daka kanumfari da citta, ta nuna mini yadda ake tace gero da inda mazarƙwaila ke shiga. Ina yi ina jin kaina ya kumbura. Ni, Anisa, yau sirrin Maourey a hannuna.

Sai ta jawo wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado, ta fito da katin fararen ƙwayoyi.

"Wannan shi ne na ƙarshe. Ki dake su lukui, zaƙi zai ɓoye ɗacin."

"Mene ne wannan, Gwaggo?"

"Maganin sanyi. Amarya ba ta shiga ɗakin miji da sanyi a jikinta. In ka ba su a hannu sai su tofar, 'yan nema. Yayarki ma da ba ta haɗiyar kwamfirime, ko ƙwaya ɗaya, safe da yamma ta sha shi har ranar da aka kai ta, ba ta ko sani ba."

Ta yi dariya, irin dariyar wanda ya yi wa yaro wayo don alherinsa. Ni kuwa taɓarya ta tsaya a hannuna. Muryar likitar nan ta dawo mini tar, kamar a ɗakin take.

"Asma'u ma... ta sha?"

Fuskar Gwaggo ta yi laushi. "A kanta na fara. Wata maƙwabciya ce ta koya mini. Ita har ƙari na yi mata, 'yata ce ai."

Ban san yadda aka yi na gama dakan ba. Gwaggo ta dama kunu, ta zuba a kwano ta ce in kai wa Samira, yau ce ranar farko. Na soke ragowar katin a haɓar zanena, na ɗauki kwano, ina kaiwa tsakar gida na harɗe ƙafata da gangan. Kunu ya malale har bakin rariya.

"Ke dai ba a sa ki aiki a huta," Gwaggo ta ce daga bakin ƙofa. "Jiƙaƙƙen geron ke nan gaba ɗaya. To sai gobe da safe."

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Na tare ɗan kabu-kabu mai babur na ce Kirkissoye, ya taka da sauri. Muna kan gada iska tana dukan fuskata, na kalli ruwan nan da aka yi shekaru ana tsine masa a gidanmu, na ji kamar in ɗaga masa hannu.

Na samu Sadiƙ ya fito daga aji, hannunsa duk alli.

"Ba kogi ba ne! Sadiƙ, ba kogi ba ne!"

"Tsaya, tsaya, numfasa. Ba fushi kike da ni ba?"

"Na ɗaga shi sai wani lokaci. Ka ga wannan?"

Na zayyana masa komai, zancen likita, gwangwani, kunu, ina haɗa farko da ƙarshe. Idanunsa suka buɗe. Ya dafe kai da hannun allin, ya juya ya dawo, yana dariya yana hamdala, ɗalibansa suna leƙenmu ta taga.

"Ke nan zan kawo ki gida? Gidanmu? Inna ta ga amaryarta a tsakar gidanta?"

"Ga mangwaron nan da kake cika mini baki a kansa, zan ga ko gaskiya ne."

"Wallahi, hasken idona, har reshen da ya fi zaƙi na ware miki..."

Sai ya tsaya. Dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Gwaggo ta sani?"

"Ba ta..."

Ban ƙarasa ba. A nan ne abin ya faɗo mini. Tun daga Maourey nake gudu da murnata, ban tsaya na dubi abin da na riƙo ba.

"Anisa," ya ce da ƙaramar murya, "in kika kai wa Baba wannan, me kika gaya wa Gwaggo? Kin ce mata hannunta ne ya ba 'yarta."

Na zauna a kan dakalin aji. Matar nan ita ta goya ni. Ita ta yi mini kitson shiga lakwal, ranar da na fara makaranta. In na yi zazzaɓi ba ta iya cin abinci.

"Zan jira," in ji Sadiƙ. "Ko Inna ta sauko ko Baba ya sauko. Ba na son a gina aurenmu a kan zuciyar tsohuwar nan."

Ban taɓa son sa kamar a wannan lokacin ba, kuma na faɗa masa, ina kuka ina jan hanci, babu ko aji. Amma da na share fuska sai na tuna.

"Samira fa? Jininmu ɗaya. Gobe da safe za a sake dama kunun."

Ya ciro makullin babur ɗinsa. "Mu je wajen Yaya Ramatou."

Tare da Yaya muka koma kilinik. Likita Nafissa ta juya katin ta karanta bayansa.

"Kotrimoksazol. Antibiyotik ne, kuma maganin kirki ne in an ba wanda yake buƙata. Amma yana cikin waɗanda aka sani da tayar da wannan ciwon. Ba zan rantse ba, ba ni na duba ki lokacin ba. Sai dai lokaci ya yi daidai, alamu sun yi daidai, ga kuma mutum biyu a jini ɗaya. Ku 'yan gidan nan ku nisance shi da danginsa, ku kuma faɗa wa 'ya'yanku. Lafiyayyar mace kuwa ba a ba ta antibiyotik don za ta yi aure."

"Kogi fa?" na tambaya, don ina son in ji da kunnena.

Ta kalle ni ta kalli Sadiƙ, ta ɗan murmusa. "Ni a Kirkissoye nake aure, ƙanwata."

Yaya ta cire tabarau. Tun ciwon nan idanunta ba sa kawo hawaye, sai kafaɗunta ne kawai suka yi ta rawa. Na rungume ta har ta lafa.

"Ni zan faɗa mata," ta ce. "Jikina ne ya ƙone. Daga bakina zai fi zo mata da sauƙi."

Da yamma muka samu Baba a shago. Da farko ya ce za mu kashe masa 'yar'uwa, ya ce a bar abin da ya wuce. Da Yaya ta ambaci Samira da sauran 'yan matan unguwa, sai ya rufe shago tun lokaci bai yi ba.

Washegari da safe Gwaggo ta jiƙa sabon gero tana jira na. Sai ta ga mun shigo mu uku, ni da Yaya da Baba.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Yaya ta zauna a ƙasa gabanta, ta kama hannayenta biyu. A hankali ta yi bayani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ni ina rakuɓe a jikin bango.

Gwaggo ta yi ƙaramar dariya. "Zancen banza. Amare nawa na ba? Rabin matan Maourey sun sha, ga su nan da 'ya'yansu."

"Su ba su gado ba, Gwaggo. Mu ne muka gado."

"Daga wa?"

Baba ne ya amsa. "Daga wajenmu, Yaya. Ni da ke. Ni na ba Ramatou, ban sani ba. Ba mu muka zaɓa ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallon tabon da ke hannun Yaya. Ta shafa shi da babban yatsa, sannan ta juya nata tafin hannun tana kallo.

"Ta ce mini yana da ɗaci," ta faɗa, ba da kowa take ba. "Ta ce, Inna, kunun nan da ɗaci. Na ce ta daure ta shanye."

"Da so kika ba mu, Gwaggo," in ji Yaya. "Allah ya sani, ni ma na sani. Ban riƙe ki da komai ba, kuma Asma'u kwananta ne ya ƙare."

"Ku fita."

"Yaya..." Baba ya fara.

"Don Allah ku fita."

Gwaggo ta rufe ƙofa. Aka yi bikin Samira ba ta leƙo ba, aka ce wa baƙi jiki ne ya motsa. Abincin da na ajiye a bakin ƙofa haka nake ɗauke shi, sai ruwa kawai take taɓawa. Na tsani kaina, na tsani taɓaryar nan, na ce wa Sadiƙ kada ya ƙara kira na. Bai kira ba. Kullum dai sai an aiko da mangwaro daga Kirkissoye, a ce a ba Gwaggo.

Wata safiya ina shara ƙofar ta buɗe. Ta rame, amma ɗaurin ɗankwalinta yana nan daram. Gwangwanin alewar yana hannunta. Ta wuce ni ta samu Baba yana shan shayi.

"Ka kai wa lokotoron nan, ta san yadda za ta yi da su. Ni kuma zan bi gidajen masu gyaran amare, akwai waɗanda na san suna yin irin nawa."

"To, Yaya."

"Sannan ka aika Kirkissoye su turo magabatansu."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

"Yaya, ki bari ki ƙara jin sauƙi..."

"Ni ce babba ko kai? Na rasa ɗaya, na nakasa ɗaya, ba zan tsare ta uku a kan laifin da ba na kogi ba." Ta juyo ta harare ni. "Ke kuma rufe baki, ƙuda zai shiga. Yaron nan ya iya zaɓen mangwaro, ban san sauran halinsa ba."

Na faɗa jikinta ina kuka ina dariya. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi ina ɓata mata riga.

Bikina kam ba a magana. Dangi suka zo daga Zinder mota-mota, mutanen su Sadiƙ suka zo daga Tahoua, aka rasa wurin taka ƙafa a gidanmu. Gwaggo da kanta ta yi mini dilka da lalle, ta turara ni har sai da na ce zan shaƙe. Kunun amarya kuwa a tsakiyar tsakar gida ta dama shi, ƙofa a buɗe, mata sun kewaye ta. Duk abin da za ta zuba sai ta ɗaga shi sama ta faɗi sunansa. Sirrin da ta yi shekaru tana ɓoyo, a rana ɗaya ta raba shi kyauta.

Rana ta kusa faɗuwa aka fito da ni. Ina lulluɓe a bayan mota, Yaya a damana, sai na ji hayaniyar mata ta ɗauke ɗif. Ƙofar hagu ta buɗe, ƙamshin humrar da na sani tun ina goye ya shigo.

"Matsa," in ji Gwaggo. "Ko an ce miki ke kaɗai za ki ƙetare?"

Muka ratsa gari, motoci suna hon, 'yan babura suna wasa a gaba. Da tayar motar ta hau gada sai Gwaggo ta damƙe hannuna, har zobena ya shiga nama.

"Direba, rage gudu. Sauke mini gilashin nan."

Na ɗaga mayafi kaɗan. Ruwan ya yi jawur da faɗuwar rana, wani mai kwale-kwale yana jan koma. Gwaggo ta zuba masa ido.

"Washegarin da aka kai Asma'u ta aiko mini," ta ce. "Wai, Inna, ki zo ki ga ruwa daga tagar ɗakina, da yamma ya fi kyau. Na ce uwa ba ta bin 'ya gidan miji da wuri, sai an kwana biyu." Ta numfasa. "Ashe gaskiya ta faɗa."

Muka isa muka sauka. A ƙofar gida Innar Sadiƙ tana tsaye da sandarta, ta ƙi zama. "Kubayni, kubayni, sannunku da zuwa," take ta faɗa. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba.

Da na ɗauka shi ke nan, ashe ban san Gwaggo ba. Washegari da hantsi sai ga taksi a ƙofar gida. Matar da ta ce uwa ba ta bin 'ya da wuri, ita ce tsaye a tsakar ɗakina, ko sallamar kirki ba ta gama ba.

"Buɗe baki. Zaro harshe. Ɗaga ido in gani. Kawo hannun."

"Gwaggo, ban sha komai ba fa, ke kika dama kunun."

"Na tambaye ki?"

Haka ta yi ta yi kullum. Ta ƙetaro gada, ta duba leɓɓana, ta taɓa goshina, ta juya wuyana hagu da dama, ta tafi ba ta ko sha ruwa ba. Sadiƙ yakan tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. In ta fita sai ya ce, "Sheri, yau ma mun ci jarrabawa?" Ni kuwa in jefe shi da matashi.

Lallena ya dushe, ya koma ƙarshen farce. Makonni suka shuɗe, na wuce lokacin da ciwon ya kama su Yaya bayan aurensu, na yi nisa.

Wata rana Gwaggo ta zo kamar kullum, ta duba baki, ta duba ido. Ta kama hannuna ta shafa tun daga kafaɗa har yatsu, fata sumul. Amma ba ta saki ba. Ta zauna a bakin gado, ta kifa fuskarta a kan hannun nawa, ta saki kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Na rungume kanta kamar yadda take yi mini ina ƙarama. Sadiƙ ya ajiye kofin ya juya baya yana goge ido.

Da ta gaji ta share fuska da gefen mayafi, ta ja hanci, sai ta ɗaga kai tana sansanar iska.

"Wane ƙamshi ne wannan?"

Sadiƙ ya daburce. "Kifi ne, Gwaggo... na kogi. Inna ce ta sa a soya, ba mu yi tunani ba. Yanzu zan ce a sauke."

"Wa ya ce ka sauke?"

Ta gyara zama, ta naɗe hannun rigarta.

"A zubo mini, da yaji. Kuma a sa mini kan. Asma'u kai take so."